Tsohuwar gundumar Dakoro (1947-2011): ƙasa, jama'a da iyakoki, tare da misalin Azagor

1. Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda aka kafa gundumar Dakoro (mutanen wurin Dakwaro suke cewa), da yanayin ƙasarta, da kuma yadda ta rarrabu har ta kai ga siffar da aka san ta da ita bayan shekarar 2011. Za mu fi tsayawa a kan Azagor, wadda ƙaramar hukuma ce ƙarama ƙwarai ta fuskar yawan jama'a, amma labarin kafuwarta yana nuna wata matsala da gundumar ta taso da ita tun ranar farko.

Ya kamata tun yanzu mu daidaita kalmomi, domin Faransanci ya ba yankin sunaye har huɗu alhali ƙasar ita ce dai. An kira shi subdivision a zamanin mulkin mallaka, circonscription bayan samun mulkin kai, arrondissement daga 1964, sannan département bayan gyare-gyaren 1998 da 2002. Mu za mu ce gunduma a duk waɗannan matakai. Jaha kuwa ita ce ta Maraɗi, wadda gundumar take ƙarƙashinta. Kanto shi ne ƙasar sarkin mazauna, canton ke nan, gurufma kuma sarautar makiyaya ce, wato groupement.

2. Yanayin ƙasa

Garin Dakoro yana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi. Tsohuwar gundumar ita ce mafi faɗi a jahar, don ta ɗauki wajen kashi biyu cikin biyar na ƙasarta. Daga kudu ta yi iyaka da Gidan Rumji, daga gabas da Mayahi da Tanut, daga yamma da Madawa da Buza, daga arewa maso yamma da ƙasar Abalak, daga arewa kuma da jahar Agadas.

Ba ta da kogi mai gudu duk shekara, ba ta da dutse mai suna. Jigawa ce shimfiɗaɗɗiya, tsofaffin tuddan rairayi waɗanda ciyawa da ƙayoyi suka kama. Abin da ya raba ta gida-gida shi ne kwaruruka biyu da suka daɗe da ƙafewa. A kudu akwai Gulbin Kaba, wanda ya samu sunansa daga kabar goriba da ke cike da shi. A tsakiya kuma, arewa da garin Dakoro, akwai kwarin Tarka, wanda ya taso daga wajen Damargu ya ratsa gundumar daga gabas zuwa yamma, sannan ya karkata kudu ta ƙasar Madawa. Ruwan damina yakan taru a cikinsa ya yi tabkuna, itatuwa sun fi kauri, kuma ba a shan wahalar haƙa rijiya kamar a kan tudu, inda zurfinta yakan wuce mita 50 a wurare da yawa.

Ruwan sama yana raguwa yayin da aka nufi arewa. A ƙasar Kornaka shekara mai kyau takan ba da milimita 400 ko fiye, a Barmo kuwa sau da yawa ba ya kai 300. Sai dai matsakaicin lissafi yana ruɗi a irin wannan ƙasa. Abin da manomi da makiyayi suka sani shi ne damina ba ta maimaita kanta: gonar da ta cika rumbu bana tana iya kasa mayar da iri baɗi. Kudu da Tarka ƙasar hatsi ce da wake da dawa, arewa da ita ƙasar raƙumi da saniya da akuya. Tarka kanta ta kowa ce, kuma a nan rigimar take.

3. Kafin zuwan bariki

Ƙasar ba sabuwa ba ce a tarihin Hausa. Ɗan kudu da garin Dakoro akwai Birnin Lalle, wanda tarihin baka na Gobirawa ya ambata cikin biranen da suka zauna bayan sun baro Azbin, kafin su gangara kudu maso yamma inda daga baya suka kafa Alƙalawa. Alƙalawa ta faɗi hannun masu jihadi a 1808, Tsibiri kuma ta zama mazaunin sarautar Gobir bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A tsawon wannan lokaci arewacin Gobir ya koma daji mai ƙarancin garuruwa, wurin mahalba da ayarin fatake da garkunan Abzinawan Kel Geres, waɗanda su ma daga Azbin suka sauko cikin ƙarni na 18. Wanda ba shi da kariyar mai takobi bai cika yin nisa da garu ba.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba game da rabon ƙasa tsakanin Faransa da Ingila. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta zana da'ira mai mil 100 kewaye da Sakkwato, daga inda da'irar ta ƙare a gabas kuma iyaka ta bi layi na 14 har tsawon mil 70. Wannan layi ya bi ta kudancin abin da ya zama gundumar Dakoro. Da an tsaya a kan haka, da Maraɗi da Tsibiri suna Najeriya, Kornaka kuma ta zama garin bakin iyaka. Faransawa sun koka cewa an bar musu hanya marar ruwa tsakanin Kwara da Damagaram, shi ya sa yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka janye iyakar zuwa kudu.

Shekaru arba'in na farkon mulkin mallaka sun canza yankin ba tare da an kafa masa bariki ba. Da hare-hare suka ragu sai manoma daga Gobir da Katsinar Maraɗi da Adar suka fara hawowa arewa suna saran daji. Wasu sabuwar ƙasa suke nema, wasu kuwa gudun lanho da aikin tilas suke yi, domin inda kumandan bai cika zuwa ba nan talaka ke samun sararin numfashi. Murƙushe tawayen Kawusan a 1917 ya watsa Abzinawa da yawa zuwa kudu, bayinsu na dā kuma, waɗanda Hausawa ke kira Bugaje, suka riƙa kafa tungayensu suna noma. Fulani, musamman Wodaɓe, su ma gonakin kudu suka tunkuɗo su. Kowa ya zo da dalilinsa, amma duk a bakin rijiyoyi ɗaya suka haɗu.

4. Daga 1947 zuwa 1964

A 1947 aka kafa barikin Dakoro ƙarƙashin da'irar Maraɗi. Shekarar tana da ma'ana. A 1946 ne aka soke aikin tilas da dokar nan ta indigénat wadda ta ba kumandan ikon hukunta talaka ba tare da shari'a ba, saboda haka hukuma ta rasa sandar da take mulki da ita daga nesa, ya zama dole ta matso kusa da jama'a idan tana son ƙidaya su ta karɓi lanho. Garin Dakoro bai gaji wata tsohuwar sarauta ba. Bariki ne ya haife shi, kasuwa da lakwal da likita suka biyo baya.

Tsarin da aka ɗora gundumar a kai ƙafa biyu gare shi, kuma ba tsawonsu ɗaya ba. Mazauna an sa su cikin kantuna, waɗanda a ƙarshe suka tsaya a huɗu: Kornaka a kudu, wanda ya fi kowanne jama'a, sai Birnin Lalle, da Badar Gula, da Soli ta Tagiris a gabas. Sarkin kanto yana da ƙasa. Shi ke da ta cewa idan baƙo ya nemi daji ya sara, kuma a gabansa ake sasanta rikicin gona. Makiyaya kuwa an tara su cikin gurufma-gurufma na Abzinawa da na Fulani. Sarkin gurufma mutane yake da su, a rubuce cikin kundin lanho, duk inda suke kiwo, amma bisa ƙa'ida ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Arewacin gundumar, inda babu kanto, takardun hukuma sun riƙa kiransa zone restante, wato abin da ya yi saura. Sunan kaɗai ya isa ya nuna matsayin da aka ba ƙasar kiwo: ragowar da ta rage bayan an gama rabo.

Bayan samun mulkin kai a 1960, dokar 31 ga Disamba 1961 ta mai da Dakoro circonscription. Dokar 17 ga Yuli 1964 ta raba Nijar jaha bakwai da gunduma 32, Dakoro ta zama ɗaya daga cikin gundumomin jahar Maraɗi, da suparfe a kanta a madadin kumandan. Talakawa dai ba su bar cewa kumandan ba, kuma ba su yi kuskure sosai ba, tun da daga Yamai ake naɗo shi kamar wancan.

5. Iyakar noma

Dokar da ta fi kowace tasiri a rayuwar gundumar ba ta tsarin mulki ba ce. Ita ce doka mai lamba 61-5 ta 26 ga Mayu 1961, wadda ta ƙayyade iyakar noma ta arewa, bayan wani ƙudurin Turawa na 1954 mai irin wannan manufa. A ƙasar Dakoro kwarin Tarka ne ake ɗauka a matsayin wannan iyaka. Dokar ta hana buɗe gonakin damina arewa da layin, sai ɗan noman ci da makiyaya kansu suke yi da kuma lambunan dausayi. Ta kuma ce idan dabba ta yi ɓarna a gonar da ke can, babu diyya.

An yi dokar ne a ƙarshen shekaru goma na ruwa mai yawa, lokacin da hatsi ke yi a wuraren da a dā ba a taɓa shuka shi ba, gujiya kuma tana cinye gonakin kudu tana tura masu neman abinci gaba. Wato tun ranar da aka sa mata hannu gonaki sun riga sun kai bakin layin. Daga nan kuma ba a taɓa aiki da ita sosai ba. Dalilan a bayyane suke. Sarkin kanto yana ƙaruwa da kowane sabon ƙauye, ta wajen yawan talakawa da ta wajen rabonsa na lanho. Suparfe ba ya son ya kori masu biyan lanho. Ƙauyen da ya samu rijiyar siminti da aji biyu na lakwal kuwa ya zauna ke nan, ko yana arewa da layi ko yana kudu.

Batun rijiya yana bukatar ɗan ƙarin bayani. A al'adar makiyaya wanda ya haƙa rijiya shi ke da fifiko a kanta, kuma ta haka yake da iko a kan ciyawar da ke kewaye, domin da rani ba mai kiwo inda ba zai sha ba. Baƙo yakan roƙi ruwa a ba shi na kwana kaza, sannan ya wuce. Rijiyoyin siminti da tashoshin famfo da gwamnati ta gina daga shekarun 1960 na kowa ne, ba mai hana wani. Niyyar kyakkyawa ce, amma ta warware igiyar da ke daidaita yawan dabbobi da yawan ciyawa, ba ta kuwa kawo wata a madadinta ba.

Sai fari ya zo, na 1973-1974 da na 1984-1985. Makiyaya da yawa sun rasa garkunansu, wasu suka koma kiwon dabbobin ƴan kasuwa da ma'aikata, wasu suka kama noma. Akwai kuma waɗanda suka shuka hatsi ba don sun sa rai da amfani ba, sai don sun gane cewa a idon hukuma gona ce kaɗai shaidar mallakar ƙasa. Ta haka makiyayi ya shiga taka dokar da aka yi domin kare shi. Ba mu ga laifinsa ba. Kisan da aka yi wa Fulani fiye da ɗari a Toda, cikin gundumar Gidan Rumji, a watan Oktoba 1991, ya nuna wa ƙasa duka inda rikicin gona da burtali yake iya kaiwa.

Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya kawo wata sabuwar ma'ana, terroir d'attache, wato mazaunin da makiyayi ke komawa mafi yawan shekara, inda aka yarda yana da fifikon amfani ko da ba shi da mallaka. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN suka daɗe suna fafutukar samu, ta sake tabbatar da iyakar 1961, ta kuma hana mallakar ƙasar kiwo ga mutum ɗaya. A takarda ke nan. Ƙididdigar jama'a tana ba da nata labarin: gundumar tana da mutum wajen dubu 178 a 1977, dubu 258 a 1988, dubu 435 a 2001. A 2012 Dakoro da Barmo a haɗe sun wuce dubu 680. Jama'a ta kusa ninkawa huɗu cikin shekara 35, kuma mafi yawansu da noma suke ci.

A cikin wannan arewa akwai wurare biyu da gwamnati ta keɓe wa kanta: gandun dajin Gadabeji, mai eka dubu 76 na ma'aunin hekta, wanda aka kafa a 1955, da gidan kiwon gwamnati na Fako na shekarun 1970. UNESCO ta sa Gadabeji cikin wuraren da take karewa a 2017, a 2018 kuma aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure, bayan sun daɗe da ɓacewa a yankin.

6. Rabon 2002 da matsayin Azagor

Lokacin da aka zo raba ƙasa ƙananan hukumomi, tambayar da aka yi shekara hamsin ana kauce mata ta fito fili. Ƙaramar hukuma, commune, yanki ce mai majalisa da magajin gari da kasafin kuɗi. To wanda sarautarsa ta mutane ce ba ta ƙasa ba, ina za a sa shi? Idan aka bi kantuna kawai, makiyaya za su zama ƴan tsiraru a kowace majalisa. Idan aka ba kowace gurufma tata, daga ƙasar wa za a yanka?

Dokar 11 ga Yuni 2002 ta kafa ƙananan hukumomi 265 a Nijar, 14 daga cikinsu a gundumar Dakoro. Kanton Kornaka ya rabu biyar: Kornaka, Ajekoriya, Ɗan Gulbi, Mayyara da Sabon Mashi. Badar Gula da Tagiris kowanne ya tsaya ɗaya. Arewa ta ba da Barmo da Gadabeji. Ƙasar Birnin Lalle kuwa ta fitar da Birnin Lalle kanta, da birnin Dakoro, da Rumbu, da Korahan, da Azagor. Rabuwar Kornaka batun girma ne kawai, sarki ɗaya ne a kan duka biyar ɗin. Ta Birnin Lalle daban take, domin Korahan mazaunin sarautar Fulani ce, Azagor kuma ta Abzinawa. Wannan shi ne karo na farko da waɗannan sarautu suka samu abin da ya yi kama da ƙasa.

Mun ce abin da ya yi kama da ƙasa, domin dokar ba ta zana iyakoki ba. An ambaci mazaunin kowace ƙaramar hukuma, aka jera ƙauyuka da ƙabilun da ke ƙarƙashinta. A kudu wannan bai dami kowa ba, tun da ƙauyukan a jere suke. A bakin Tarka kuwa, inda Azagor take, ƙauyen Hausawa mai bin sarkin kanto da zangon Buzaye mai bin sarkin gurufma suna iya shan rijiya ɗaya, gonakinsu a cuɗe, amma kowanne da inda yake biyan lanho da inda yake jefa ƙuri'a. Saboda haka taswirorin da ke nuna Azagor da layi kewaye da ita ƙiyasi ne na masu zane.

Wannan yana da sakamako a aikace. Ƙidayar 2012 ta ba Azagor mutanen da ba su kai dubu goma ba, alhali Kornaka ta wuce dubu ɗari. Kuɗin ƙaramar hukumar karkara daga lanho yake fitowa da harajin kasuwa, musamman kasuwar dabbobi, manyan kasuwannin yankin kuwa, irin su Dakoro da Sakabal, suna hannun maƙwabta. Makiyayin Azagor yakan kiwata raƙuminsa a Tarka ya sayar da shi a Sakabal, harajin ya shiga asusun Rumbu. Idan kuma aka zo rabon taimako a shekarar yunwa, kamar 2005 da 2010, ko aka zo zaɓen inda za a haƙa rijiya, lissafin da ke rubuce shi ake bi, kuma wanda ke tafe da dabbobinsa ranar ƙidaya ba ya cikin lissafi.

Duk da haka ba za mu ce ba a samu kome ba. Kafin 2004, lokacin da aka yi zaɓen farko na ƙananan hukumomi a ranar 24 ga Yuli, makiyayin da ke son a hana saran wani daji sai ya bi ta hannun sarkinsa zuwa ga suparfe, wanda shi kuma yakan saurari sarkin kanto. Bayan haka ya samu magajin gari da kujera a hukumar kula da filaye, da hatimin da zai sa a kan takardar da ke cewa wuri kaza makiyaya ce ko burtali ne. An sake zaɓe a 2011 da 2020. A watan Afrilu 2024 gwamnatin soja ta rusa majalisun, ta naɗa wakilanta su riƙe ƙananan hukumomin.

7. Ballewar Barmo

Dokar 8 ga Agusta 2011 ta ɗaga ƙananan barikoki 27 na ƙasar zuwa gundumomi, adadin ya tashi daga 36 zuwa 63. Barmo na cikinsu, ta tafi da Gadabeji, Dakoro ta saura da ƙananan hukumomi 12. A ƙidayar 2012 sabuwar gundumar Barmo tana da mutum wajen dubu 52, Dakoro kuma wajen dubu 630. Abin da Turawa suka kira ragowa ya samu nasa farfe bayan shekara 64.

Ana iya ganin wannan a matsayin nasara ga makiyayan arewa, kuma ta wata fuska haka ne, domin bariki ya matso kusa da su. Amma ya raba hukuma ɗaya da ke kallon noma da kiwo tare zuwa hukumomi biyu, alhali dabbobin ba su canza hanya ba: da damina suna arewa, bayan girbi su gangaro gonakin Kornaka su ci kara, wasu su zarce har Najeriya. Azagor kuma ba ta bi Barmo ba. Ta tsaya cikin Dakoro, ƙaramar hukumar makiyaya a gundumar da yanzu kusan duk ta manoma ce, a daidai bakin layin da dokar 1961 ta ja.